Mallakar da babu boka a cikinta

Mako uku ke nan ana gardama ɗaya a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, har yau ba ta lafa ba. Littafi ne ya jawo ta. Malamar Hausa ce ta fara karanta shi a waya, ta tura wa ta kusa da ita, kafin ka ce kwabo ya zagaye mu, har da malamin lissafi da kullum yake cewa shi ba ruwansa da labaran soyayya.

Labarin wata yarinya ne mai ilimi da wayo, ta gama kwalejin horon malamai, ta auri mutumin da unguwa ke yabo: mai fara'a, mai sakin hannu, ba a rasa shi a sahun farko. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma cikin shekara uku sai ga ta ba ta iya zaɓar atamfar da za ta ɗaura sai ta ji ta bakinsa. Yakan ce ta faɗi wata magana jiya, ta ce ba ta tuna ba, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Kin ga abin da nake gaya miki ko? Mantuwar nan taki ƙaruwa take yi." Ya ce wayarta ta ɓace a gidan biki. Daga baya ya zaunar da ita ya ce ya daɗe yana ɓoye mata, amma yayarta ce ta kai sunanta wurin boka saboda hassada, shi ya sa kanta ke juyawa. Gwanintar marubuciyar ita ce ta kulle mu a cikin kan yarinyar. Abin da ta gani shi muke gani, don haka mu ma muka tsani yayar, muka riƙa tausaya wa bawan Allah da ke fama da mace mara lafiya. Sai can dab da ƙarshe ta buɗe but ɗin motarsa tana neman wani abu daban, ta tarar da tsohuwar wayarta a naɗe cikin tsumma, da saƙonnin mahaifiyarta na wata da watanni, da amsoshin da ya riƙa turawa da sunanta.

Da na zo wurin nan sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida na sha iska. Abokan aikina kuwa ba haka abin ya zo musu ba. Wata malama ta ce, "Ni fa har littafin ya ƙare ina jira a kai mu wurin bokan. Mace mai hankali, mai takarda, ta koma haka babu asiri? Sai dai a gaya wa wani." Wata ta ce jarumar sakarya ce kawai, ƙofa a buɗe take, gidan ubanta na nan, me ya ɗaure ta? Dattijon cikinmu, wanda duk muke kira Baba, ya ce shi damuwarsa daban ce: irin wannan rubutu ne ke sa mace ta riƙa kallon mijinta da ido biyu, kuma shi ke koya wa mugu dabarar da bai sani ba.

Maganar malaman nan biyu na farko magana ɗaya ce. Dukansu sun yi imani cewa ba a iya ƙwace hankalin lafiyayyen mutum da baki kawai, don haka ko dai an yi masa aiki, ko dama can ba shi da hankalin. Ni na ce ana iyawa, don na gani da idona.

'Yar goggona ce, tare muka tashi, na girme ta da shekara huɗu. Duk gidanmu babu mai bakinta. Idan za a sayi kayan sallah ita ake turawa, don takan tsaya da mai shago har ya gaji ya sallama. Aka kai ta aure wani gari. Shekarar farko kullum sai ta kira. Daga nan sai mijin ya fara ɗauka: tana wanka, ta kwanta, ba ta jin daɗi. Aka yi suna ba ta zo ba. Goggo ta kwanta asibiti kwana tara ba ta leƙo ba. Dangi suka taru, hukunci ya fito ba tare da gardama ba: an mallake ta. Goggo ta sayar da tumakinta biyu, aka karɓo rubutu da turaren hayaƙi, aka riƙa ba direban mota saƙo a jarka.

Ni aka tura in gano. Mijin ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka yanka kaza, ya tambayi kowa da kowa na gida da suna. Ita kuwa tana zaune a bakin kujera kamar baƙuwa. Na ce, "Ƙanwata, lafiya ba ki zo sunan nan ba?" Kafin ta buɗe baki sai da ta dube shi. Shi ya amsa: "Ai Yaya, jikin ne ya matsa mata, kin san ta da zurfin ciki." Da aka kira la'asar ya fita, muka samu abin da bai fi minti goma sha biyar ba. Na kama hannunta na ce Goggo na kuka a kanki dare da rana. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ai Inna ce ta ce kar in sake taka mata gida." Na ce wa ya gaya miki? Ta yi shiru. Can ta ce, "Don Allah kar ki ce na faɗi wani abu. Ni ce ba na jin magana. Yana ƙoƙari da ni."

A kicin na ga littafin rubutu irin na 'yan firamare a rataye da zare. Duk dunƙulen magi da ta jefa a miya, duk ludayin mai, sai ta rubuta, da dare ya duba. Ba don babu ba ne, mutumin yana da hali. Daga baya na ji sauran: yakan tashe ta ƙarfe biyu na dare ya yi ta tambayarta me take nufi da kallon da ta yi masa da rana, har asuba. Washegari ya shigo da leshi da tsire, ya ce babu wadda yake so a duniya kamarta, 'yan uwanta ne ba sa son zamansu.

Ba musun sihiri nake yi ba. Ni Musulma ce, na san aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi maganar masu koyon abin da suke raba miji da matarsa da shi. Abin da nake ƙi shi ne mu mai da shi amsar farko kuma ta ƙarshe ga duk wanda ya sauya hali. Shekara biyu danginmu suka yi suna yaƙi da abokin gaba da ba a gani, alhali mai aikin yana zaune a falo yana zuba mana lemo. Kuma in za a faɗi gaskiya, zancen asiri ya fi mana sauƙi. Idan asiri ne, babu laifinmu. Idan kuwa mutum ne ya yi da bakinsa a hankali, to dole mu tuna mu muka ba shi ita, kuma ranar da ta fara yin yaji mu muka mayar da ita kafin magariba, muka ce ta yi haƙuri, ba mu ko tambaye ta abin da ya koro ta ba.

Malamar da ke jiran boka ba ta yi laifi ba, haka aka raine mu. Tun da littattafan Kano suka bunƙasa a shekarun 1980, sannan fina-finai suka biyo baya, hanya ɗaya muka saba bi. Kishiya ko uwar miji ta hau dutse, boka ya yi dariya, a binne laya a bakin ƙofa, maigida ya koma mijin-ta-ce, ko a yi wa ɗan uwa kurciya ya shiga duniya. A babin ƙarshe malami ya zo, a tono layar, maigida ya farka yana kuka yana neman gafara. Na sha karanta irinsu, wasu ma sun yi daɗi. Amma dubi abin da wannan tsari ke yi: wanda ya wulaƙanta matarsa shekara goma ya fita fes, tunda ba a hayyacinsa yake ba. Mai karatu kuma ya rufe littafi bai koyi gane komai ba, sai zargin maƙwabta.

Masu ganin sai da magani ake juya mutum, ya kamata su san cewa an taɓa gwada wannan da kuɗin gwamnati mafi ƙarfi a duniya. Lokacin yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, wasu sojojin Amurka da aka kama suka fito suna amsa laifukan da gwamnatinsu ta ce ba a yi ba, kuma da aka gama yaƙin 21 daga cikinsu suka ƙi komawa gida. Hankalin Amurka ya tashi. Wani ɗan jarida, Edward Hunter, ya riga ya yaɗa kalmar nan da muke fassarawa da wanke ƙwaƙwalwa tun 1950, kuma mutane suka ɗauka 'yan gurguzu sun gano wani sirri. A 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA ta buɗe wani shiri na ɓoye mai suna MKUltra ƙarƙashin wani masanin sinadarai, Sidney Gottlieb. Suka riƙa ba mutane ƙwayar LSD mai gusar da hankali, da yawa ba da saninsu ba. A birnin Montreal na Kanada, wani babban likitan ƙwaƙwalwa, Ewen Cameron, da tallafin kuɗinsu, ya riƙa sa marasa lafiya barci na makonni, yana jona musu lantarki a kai, yana kunna musu magana ɗaya a faifai tana maimaituwa ba dare ba rana. Mutanen da suka je neman maganin damuwa suka fito wasu ba su gane 'ya'yansu ba. A 1973 aka ba da umarnin lalata takardun shirin, a 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya fara tona shi, a 1977 Majalisar Dattawa ta sake zama a kansa bayan an gano wasu takardu da suka tsira. Abin da ya fito fili shi ne sun iya rusa mutum, amma maganin da za a ba shi ya koma bawa mai bin umarni bai samu ba.

Amsar tana wani wuri da ba a zata ba. Wani masanin zamantakewa, Albert Biderman, ya yi wa rundunar sojan saman Amurka nazarin fursunonin da suka dawo, ya fitar da sakamakonsa a 1957. Bai tarar da wani sirri ba. Ya tarar da hanyoyi takwas da kowane azzalumi zai iya bi: a raba mutum da kowa nasa, a mamaye tunaninsa ya zama ba ya jin muryar kowa sai ta mai tsaronsa, a gajiyar da shi da rashin barci, a tsorata shi, a wulaƙanta shi, a nuna masa cewa komai yana hannun mai tsaron, a tilasta masa bin ƙananan dokoki marasa ma'ana har biyayya ta zama jiki, sannan lokaci-lokaci a yi masa alheri. Ranar da na fara karanta wannan jeri, littafin magin nan ne ya faɗo mini a rai, da tashin ƙarfe biyun dare, da leshin washegari. Mijin ƙanwata bai taɓa jin sunan Biderman ba, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Alherin nan na lokaci-lokaci shi ya fi komai ɗaure mutum. Da mugunta ce zalla, da ta gudu tun wata na uku. Leshin ne ke sa ta ce ai yana sona, ni ce ban iya zama da shi ba.

Shi ya sa kalmar sakarya ta yi mini ciwo. Ƙofa a buɗe take, gaskiya ne, amma ina za ta je, bayan an tabbatar mata cewa uwar da ta haife ta ba ta son ganinta? Da wane kuɗi, bayan ko na mota ba ya barinta da shi? Wa za ta gaya wa, ta ce me? Bai doke ta ba, bai hana ta ci ba, bai hana ta sutura ba. A gaban kowane dattijo ita ce za ta zama mara godiya. Kuma na lura wannan tarko ya fi kama mai kunya da mai tsoron Allah, wadda idan aka ce ta yi laifi za ta koma ta binciki kanta da gaske. An gaya mata tun tana ƙarama cewa biyayyar aure ibada ce, ta riƙe hannu biyu. Abin da ba a cika nanata mata ba shi ne Littafin da ya yi maganar haƙƙin miji shi ne ya ce a zauna da mata da kyautatawa, kuma shi ne ya tsananta a kan yanke zumunci. Mutumin da ya ƙirƙiri ƙarya don ya raba 'ya da uwarta ba shi da wata mafaka a addini.

Ba a ɗakin aure kaɗai abin yake ba, kuma ba maza kaɗai ke yi ba. Na san mazan da matansu suka raba su da iyayensu ta wannan hanya, kuka yau, gori gobe, hure kunne kullum, mu kuma muna ta neman inda aka binne laya. Idan aka faɗaɗa shi sai ya cinye jama'a guda. A Jonestown ta ƙasar Guyana, ranar 18 ga Nuwamba 1978, mutum fiye da 900 suka mutu bisa umarnin Jim Jones, shugaban ƙungiyar addininsu, bayan ya kwashe su daga Amurka ya kai su daji inda lasifikarsa ce kawai muryar da suke ji. A 2023 aka tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, mabiyan wani mai wa'azi da ake tuhuma da sa su azumin mutuwa. Mu ma nan mun ga namu. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, kuma har yau idan dattawa na ba da labarin, zancen tsafi da layu ne ke fara fitowa. Ba a cika tsayawa a kan cewa da yawan mabiyansa samari ne da suka baro ƙauyukansu, babu uwa babu uba a kusa, suka samu mai ba su abinci da wurin kwana a 'Yan Awaki, mai gaya musu cewa duk wanda ke waje ɓatacce ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu ɗaukar yara zuwa daji a yau ta wannan tsagar suke bi.

Wasu ƙasashe sun sa wa abin suna a doka. A Ingila da Wales, tun 2015, mallake abokin zama ta hanyar takura da tsoratarwa laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyar ko da bai taɓa duka ba. A Najeriya ma dokar hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta ambaci cutarwa ta baki da ta zuciya, da raba mutum da danginsa da abokansa da ƙarfi. Amma doka ba ta shiga ɗaki sai an kira ta, kuma ba wanda zai kira ta a kan abin da yake ɗauka aikin aljanu ne. A nan littafi ya fi ɗan sanda amfani. Yarinyar da ta karanta labarin nan tana aji shida, ranar da wani ya ce mata "kin faɗa mana, kin manta ne," wani abu zai motsa a ranta.

Maganar Baba na ɗauke ta da muhimmanci, don ba yau aka fara wannan fargaba ba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Kuma gaskiya ne akwai rubutun da ke zuga mata a kan maza ba gaira ba dalili. Wannan ba ya cikinsu. Mijin kirki da ya karanta shi ba zai ga kansa a ciki ba, matarsa ma ba za ta gan shi ba. Batun koya wa mugu dabara kuwa, na ce masa, "Baba, mugun ya riga ya iya, ba a makaranta ya koya ba. Wadda ba ta sani ba ita ce wadda ake yi wa." Ya yi shiru, ya ce zai sake karantawa. Bai ce ya yarda ba.

Inda ni nake da ƙorafi a kan marubuciyar shi ne ƙarshen, wurin da abokan aikina suka fi yabo. Daga ganin wayar nan, babi ɗaya tak, jaruma ta warke sarai, ta tsaya gaban alƙali tana zuba magana kamar lauya, bayan idda wani mai kuɗi ya fito. Bayan ta yi shafi ɗari biyu tana nuna mana yadda ake rushe mutum bulo ɗaya bayan ɗaya, sai ta koma tsarin da ta guje wa: wayar ta zama layar da aka tono. Na fahimci dalilinta, masu karatu na son su kwana da daɗi. Amma wadda ke cikin wannan hali, ko wadda ta fito jiya, za ta karanta ta ce to ni me ya same ni da har yanzu ban dawo daidai ba?

Ƙanwata ta fito ne a shekara ta biyar, kuma ba wani abin mamaki ne ya faru ba. Goggo ce ta daina aika jarka, ta hau mota da kanta, ta je ta zauna a gidan kwana huɗu ta ƙi tafiya, har suka samu kaɗaici ta ce mata, "Ni na haife ki, yaushe na ce kar ki zo gidana?" Ko da aka raba auren, wata shida ta yi tana cewa a mayar da ita, ita ce da laifi. Yanzu shekara uku ke nan, tana sayar da atamfofi, bakinta ya fara dawowa. Ran nan muna zaune mu biyu a ɗakin Goggo, babu namiji ko ɗaya a gidan, na tambaye ta ko za ta raka ni kasuwa. Sai da ta waiga ta dubi ƙofa, sannan ta ce to.